Ƙullin Gidan Pyo

A tsibirinmu na Dalmok, in kana so ka zagi mutum zagin da zai kwana yana juyi, ba sai ka taɓo iyayensa ba. Ce masa kawai ƙullinsa yana kwancewa. Mu mutanen igiya ne. Yaro yana iya ɗaure kwale-kwale kafin ya iya rubuta sunansa, kuma tun muna ƙanana ake sa mana a kunne cewa ba a wuce igiyar maƙwabci tana reto. Ko kuna gaba da mai ita, ka tsaya ka gyara masa, ka wuce, ba ka jiran godiya. Wanda ya gani ya ɗauke kai, in jirgin ya ɓalle, shi gari zai riƙe, ba mai jirgin ba.

A cikin masu ƙulli kuwa gidan Pyo ne suka cire tuta. Suna da wani ƙulli na gado wanda ruwa ke ƙara wa ƙarfi, kana jan sa yana cizawa. Babban gidan, Pyo Man-dol, ya yi shekara ashirin da biyu yana shugabancin ƙungiyar masunta. Amma ba labarinsa na ɗauko ba, na ƙanwarsa ne, Gwaggo Gwi-rye, wadda gari ya laƙaba wa suna Tsinkau.

Ni sunana Seol Eun-ok, ni ce nas ɗin tsibirin. In ciwo ya fi ƙarfina, ni ke shiga jirgi mai saukar ungulu da mara lafiya zuwa asibitin birnin Mokpo, tafiyar minti talatin da biyar, ba komai a ƙarƙashinmu sai ruwa. Saboda haka aikin Gwaggo ba labarin nesa ba ne a wurina. A kansa nake zama.

Tana da shekara shida teku ta cinye ubansu. Man-dol, yana ɗan sha bakwai, shi ya zama uba, shi ya riƙe yatsunta ya koya mata ƙullin gidan. Ta yi aure, mijin ya tafi aikin jiragen ƙasashen waje, ya rubuto wasiƙa biyu ya gaji. Ba su haihu ba. Daga nan ta koma cin abincin yamma a gidan yayanta, kullum, har matarsa ta ware mata nata kwano da nata tsinken cin abinci. Duk duniya ba ta da kowa sai shi, kuma ba ta ɓoye hakan.

Tana da shekara arba'in da shida ta kama aikin shara a rumfar da kamfani ke ajiye jirgin. Wata rana tsohon injiniyan wurin, Malam Ma, ya ga yadda ta ninke wani tamfol, ya warware ya ce ta sake. Ta sake, ninkin ya faɗa daidai kan na farko. Shi ke nan ya karɓe tsintsiyar ya jingine, ya kai ta gaban jakunkunan iska.

A kowace ƙafar jirgin akwai doguwar jaka a ninke cikin riga, kamar tabarmar da aka naɗe. In inji ya mutu a saman ruwa, direba zai ja wani mariƙi mai ruwan ɗorawa, iska ta taso daga tukunya ta cika jakunkunan, jirgin ya zauna a kan ruwa har a zo ceto. Dole ne gefe biyun su buɗe tare. In ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, gara ma a ce babu, don jirgin kifewa zai yi da mutane ɗaure a kujerunsu. Bakin rigar kuwa da wani siririn jan zare ake ɗinke shi, zaren da mace za ta tsinka da hannu biyu. Da gangan aka yi shi haka, don jaka na kumbura ya tsinke ya ba ta hanya.

Ninkin bai ba Gwaggo wuya ba, barbaɗa hoda ma bai ba ta wuya ba. Zaren ne ya kusa sa ta ajiye aikin. Ta ce mini hannunta ƙin yarda ya yi. Sai ta gama ɗinki tsaf, ta duba, ta ga yatsun sun ƙara zagaye ɗaya ba da saninta ba. Malam Ma ya sa almakashi ya yanke, ta sake, ya yanke, har sau goma sha ɗaya a yini guda. Ta je babban gari jarrabawa sau uku, da tabarau na aro, kafin ta samu takardar da ta ba ta izinin buga hatiminta a kan aikin. Ranar da ta dawo da takardar, maimakon barka, sai matan bakin kwata suka tare ta da dariya.

"Gwaggo Tsinkau, an dawo? Ashe sai an je makaranta ake koyon ɗaurin banza?"

"Eh mana," in ji ta. "Naku ai ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, jaki ma in ya yi yatsu zai iya."

Man-dol bai yi dariya ba. Abin ya ci masa rai, a ce a gidan Pyo aka haifi mai ɗaurin da ke tsinkewa, har ana biyan ta a kai. Amma bai hana ta kwanonta ba. Sai dai ya riƙa yi mata gori a kan miya, ita kuma tana rama masa, matarsa tana raba su da ludayi. Shekara goma sha biyu suka yi a haka.

A shekarar da zai sauka daga shugabanci, ƙungiya ta ce za ta yi masa abin da ba a taɓa yi ba. Duk shekara a watan farko muna kai wa Sarkin Teku rabonsa: shinkafa, busasshen kifi, giyar shinkafa, a saka a ƙaramin jirgin bambaro a sake shi a ruwa. Bana sai aka ce bayan wannan, jirgi mai saukar ungulu zai ɗauki dattawa uku, har da shi Man-dol, su watsa shinkafa a kan Baƙin Dutse, can inda jiragenmu da yawa suka tafi ba su dawo ba, har da na uban su Gwaggo. Aka kawo jirgin bakin kwata tun jajibere, ya kwana a fili iska na dukan sa.

Da safe na iso da akwatin magunguna, don ba a rasa mai faɗuwa in an sha. Ana ta buga ganga da kuge, mata sun jera tukwane. Sai na hangi Man-dol durƙushe a gefen hagu na jirgin, duk da ciwon gwiwarsa, da koren zaren taru a baki. Ya zo duba kayan hadaya ne ya ga iska ta tsinka jan zaren a wuri biyu, bakin rigar yana kaɗawa. To, ɗan Dalmok ne. Ya zare guntayen ya zubar, ya ɗinke gefen gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, kowane taku da ƙullin gidan Pyo. Na tsaya na kalla, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Ni da kaina na ce masa sannu da aiki, Kawu.

Yana miƙewa zai zagaya gefen dama Gwaggo ta iso, da allon takardar dubawa a hammata. Ta dubi zaren, ta dubi yayanta.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Aike? Na ga abin ƙanwata yana reto a gaban jama'a, na rufa mata asiri. Ba sai kin gode ba."

"Ba ni wuƙarka."

Kugen ya tsaya. Daga ranar da aka rataya igiyar bambaro a bakin gari har hadaya ta taɓa ruwa, ƙarfe ba ya taɓa igiya a Dalmok. Ko kaza ce ta harɗe, sai dai a kwance ta da farce. Wanda ya yanka, ana cewa ya yanke wa wani hanyar dawowa gida a wannan shekara. Ƙullin gidan Pyo kuwa in ya ciza, farce ba ya kwance shi, kowa ya san haka.

"Kin sha ne tun da safe?" in ji Man-dol. "Yau za ki yanka igiya? Yau?"

"Yau. Yanzu. Da wannan zaren jakar nan ba za ta buɗe ba."

"Ke Gwi-rye, ni na koya miki riƙon zare, majina na zuba a hancinki."

"Ka koya mini, na gode. Wannan kuma ba kai ka koya mini ba."

Dattawa suka matso, kowa da tasa. Wani ya ce teku yau lumui take, ko ganye ba ya motsi. Wani ya ce tafiyar minti goma ce, shekara nawa jirgin ke tashi bai taɓa faɗawa ba. Wata tsohuwa mai 'ya'ya uku a ruwa ta kama hannun Gwaggo tana roƙon ta, don Allah kada ta jawo mana. Direban jirgin, Kyaftin Bang, baƙo ne a tsibirin, ya koma gefe da waya a kunne yana ta rusuna wa manajan da ba ya ganin sa. Da ya dawo sai ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, oga ya ce a lallaɓa. A je a dawo, da rana ki yanke ki sake naki. Sa hatimin kawai, ni zan ɗauki nauyi."

"Kai ɗan nan, nauyin me za ka ɗauka kana kife a ƙarƙashin ruwa? Hatimina ba goron biki ba ne."

Ni fa? Ina tsaye da akwatina. A wannan gefen na hagu nake zama duk tafiya, na fi kowa sanin tana da gaskiya, amma bakina ya mutu. Tsoron tsofaffin nan ne ya kama ni, don gobe ni zan shiga gidajensu da allura. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Man-dol ya ga jama'a na bayansa, sai ya yi dariya ya buɗe hannuwa.

"Jama'a ku ji mini. Iskar da za ta ɗauki jirgi guda a kan ruwa, ita ce za ta gagara tsinka zaren taru? In lokacin ya zo, zai buɗe."

Gwaggo ta ajiye allon a ƙasa a hankali.

"To Yaya, faɗa wa mutane da bakinka. Ƙullinka yana kwancewa, ko ba ya kwancewa? Zaɓi ɗaya."

Shekara saba'in ba ɗaya yana taƙama da abu guda, ga shi an sa shi ya zaɓa tsakanin abin da maganar da ya furta yanzu. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, aka make shi. Fuskar Man-dol ta yi jawur.

"Ba zan tsaya cacar baki da mace a ranar hadaya ba. Kyaftin, tada jirgi."

"Shi ke nan," in ji Gwaggo. "Ba zan taɓa wuƙa ba. Kowa ya ja baya. Na ce ku ja baya, ku kwashe yaran nan!"

Muryar da ta yi amfani da ita ce ta sa muka ja, ba fahimta ba. Ta kewaya ta buɗe ƙofar direba, ta ɗaga siket ta hau, ta zare ƙusar tsaro, ta kama mariƙin nan mai ruwan ɗorawa da hannu biyu. Kyaftin Bang ya yi ihu ya zaburo, amma ta riga ta ja.

Ƙara ta tashi har tsuntsayen kwata suka watse. A gefen dama jan zaren ya tsintsinke fat-fat-fat, jakar ta fito ta cika ta tsaya ƙyam, kafin mutum ya haɗiye yawu. A gefen hagu rigar ta kumbura ta yi tauri, ta riƙa kuka, tana bulluƙowa ta tsakanin zaren. Jirgin ya karkata. Sai wani abu ya fashe a ciki, farar hoda ta yi sama ta sauko a kan tukwanen miya, rigar ta saki jiki ta kwanta.

Man-dol ya taka a hankali ya durƙusa, ya bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ko guda bai motsa ba. Gwaggo ta sauko ta tsaya a kansa.

"Ka gani, Yaya. Ƙullinka ba ya kwancewa. A kujerar wannan gefen za ka zauna."

Ya miƙe, ya kakkaɓe hodar gwiwarsa, ya juya ya tafi gida. A wannan shekara wani ne ya saki jirgin bambaro a madadinsa, Baƙin Dutse kuwa bai ga shinkafa ba.

Da a tatsuniya ne, da yamma zai aiko mata da kifi. Ba haka aka yi ba. Kamfani ya dakatar da ita wata uku. Jirgin ya yi kwana tara a ƙasa ana jiran sabuwar jaka, kuma a cikin kwanakin wani tsoho ya faɗi ya karye a ƙugu, na kai shi Mokpo a jirgin ruwa, awa huɗu yana ihu duk igiyar ruwan da ta buge mu. A wannan tafiya na tsine wa Gwaggo a zuciyata ba adadi, na tsine wa yayanta, na haɗa da kaina. Matar Man-dol ta aiko mata da kwanonta da tsinkenta a ƙunshe cikin ƙyalle, ba saƙo.

Na same ta a gida tana cin shinkafa da kabeji mai tsami da muke kira kimchi, ita kaɗai, a tsaye. Na ce ta je ta ba shi haƙuri mana, babba ne, an kunyata shi a gaban gari.

"In ba shi haƙurin me? Na hana shi mutuwa? To ya yi haƙuri, gobe ma zan hana."

"Gwaggo, ba sai kin ja mariƙin ba. Da kin ƙi sa hatimi kawai."

"Su tashi ba hatimi, ni in tsaya a kwata da gaskiyata ina kallon ruwa? Eun-ok, na taɓa tsayawa a kwatar nan ina jira. Ya ishe ni."

Ta koma aiki bayan wata uku, don ba su samu mai ninki irin nata ba. Abu na farko da ta yi, ta samo katako ta rubuta da jan fenti, ta kafa a gefen jirgin: Mai kyan hannu, riƙe hannunka. Hanyarta ta zuwa rumfa ta ƙofar gidan yayanta take bi, akwai wata hanyar amma ta ƙi. Kullum da safe yana zaune yana gyaran taru, sai ta tsaya ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Ina kwana, Yaya! Har yanzu ana fushin?"

Ba ya ɗaga kai. Ita kuma ba ta fasa ba, shekara shida. Tana wucewa kwanar gidan sai in ga ta tsaya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Abin yana cin ta, amma ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba.

A kaka ta shida ciwon huhu ya kwantar da Man-dol. Ya ce ba zai shiga jirgin nan ba ko za a yanka shi, don haka ni ke zuwa duba shi a gida. Wata hantsi ina cire masa ruwa sai ya riƙe hannun rigata.

"'Yar nan, kin je wankan gawar Chun-bae bara?"

Na ce masa ai mata ba sa shiga, ya sani.

"Ni na shiga. Ƙulle shi suka yi. Ɗauri na uku da na biyar, na gani da idona, na yi shiru."

A wurinmu in an sa wa mamaci likkafani, ana ɗaure shi da ɗauri bakwai, kuma ba a ƙullawa. Murɗawa ake yi a cusa bakin, don in ya isa inda za shi ya iya kwance kansa. Amma mazan Dalmok ne ke yi, kuma hannunsu yana cin amanarsu.

"Duk garin nan ba wanda ya iya," in ji shi. "Ni ma ban iya ba. A kira Tsinkau."

"Kawu, mace ba ta ɗaure namiji."

"Ke ce gawar ko ni?"

"To bari in kira ta yanzu, ka faɗa mata da bakinka."

Ya juya fuska ga bango.

"Ban ce zan yi mata magana ba. Na ce ta ɗaure ni."

Kwana biyu bayan nan ya cika, da safe, kafin ta zo wucewa. Da na kai mata saƙon tana rumfa tana barbaɗa hoda. Ta ƙarasa ninkin da ta fara, ta ɗinke da jan zarenta, ta buga hatimi, sannan ta wanke hannu ta bi ni.

Dattawa sun tare ƙofar ɗakin. Babbansu ya ce ba a taɓa yi ba, kuma ba a kansu za a fara ba.

"Mai gawar ne ya kira ni," in ji Gwaggo. "Wanda yake da ja, ya shiga ya tashe shi ya tambaye shi."

Wannan karon na buɗe baki. Na ce a gabana ya faɗa, da hankalinsa, kuma duk wanda ya ƙaryata ni ya nemi mai yi masa allura. Suka matsa.

Na shiga tare da ita. Ta durƙusa ta fara daga kafaɗa. Kowane ɗauri sai ta murɗa ta cusa, ta sa yatsa ɗaya ta ja kaɗan, ya zame ya buɗe, sannan ta mayar. Haka ta bi su har bakwai, ba ta yi sauri ba. Sai a na ƙarshe, wajen ƙafa, na ga yatsunta sun fara ƙara zagaye. Ta tsaya ta dube su, ta warware, ta sake. Hawaye na ɗiga a kan likkafanin, ba ta share ba.

Da ta gama ta dafa ƙirjinsa, ta sunkuya wajen kunnensa, ta yi magana da irin muryar da take gaishe shi da safe.

"To Yaya, ga shi nan. Kana ja zai buɗe. Don Allah in ka isa, kada ka tsaya yi masa gyara."